Kabon da Onarabul ya zo nema

Laraba da dare, Haɗeja, 1992

Har yanzu raina a ɓace yake. Da safe na ji ɗan majalisarmu a rediyo yana ta kumfar baki, wai babu mai ikon buɗe wasiƙar wani ko laɓewa ya saurari hirarsa, wai abin da mutum ya rubuta dukiyarsa ce, dole doka ta kare masa. Har na ce wa matata Binta yau ƙuri'armu ta yi rana.

Da la'asar sai ga motarsa a rumfata ta bakin gidan waya. Ya ji cewa wasu masunta daga Kirikasamma sun zo na buga musu takardar koke a tafireta, kan ruwan da ya datse ya juya zuwa gonarsa. Takardar ta riga ta tafi. Kabon da na sa a tsakiya don fitar da kwafi yake so, domin in aka ɗaga shi a rana sunayensu za su fito ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Malam Habu, ai shara ce. Kuma kar ka manta wanda ya sama maka wurin nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai na duba a gida."

Alhali yana aljihuna. Haushin kaina nake ji da na kasa ce masa a'a ido da ido. Yanzu na cusa shi a murhun Binta, na tsaya har wuta ta cinye shi.

Gobe in ya dawo, jawabinsa na rediyo zan maimaita masa. In rumfa ce, ya ɗauka.