Kwanan watan da ke jikin yafiyar Baba

Daga admin: wata 'yar'uwa ce ta turo daga Sudan, ta ce a ɓoye sunanta.

Assalamu alaikum 'yan gurup. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, mu Hausawan nan da baki muke Hausa ba da alƙalami ba, a cikinku na koyi rubuta ta da boko. Ni 'yar unguwar Hajj Yusuf ce, ina aiki a wani ofis a Khartoum, buga takardu da gyara su a kwamfuta. Babana ya rasu wata goma sha ɗaya ke nan, kuma ya tafi da magana tsakanina da shi.

Baba a gonakin auduga na Jazira ya tashi, daga baya ya dawo birni yana sayar da kayan yaji da busasshiyar kuɓewa a Kasuwar Umdurman. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce min. Shekara uku da suka wuce na manta madubin idona a gida, bawan Allah ya sauka daga mota a hanyarsa ta kasuwa ya kawo min har ofis. Ya shigo da jallabiyarsa tana ƙamshin barkono, ya ce da Hausa, "Uwata, kin bar idonki a gida." To ni a ofis ban taɓa nuna ni Bahaushiya ba ce, saboda na sha jin irin ba'ar da suke yi wa mutanenmu a bakin shayi. Sai na amsa masa da Larabci, na yi masa godiya kamar baƙo. Wata abokiyar aikina ta tambaye ni wane ne, na ce wani dattijon unguwarmu ne. Baba bai kai bakin ƙofa ba a lokacin.

Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Daga ranar ya daina yi min Hausa. Da Inna Hausa, da Yaya Hausa, har akuyar gidan da Hausa yake korar ta, ni kuwa sai Larabci mai ladabi, kuma sunana ya koma ustaza, wato malama. Na durƙusa na roƙe shi ya fi a ƙirga, kullum amsar ɗaya ce, "ma fi haja ya ustaza," babu komai. Inna ta sa baki, ya ce mata shi ba fushi yake ba, da harshen da na zaɓa yake yi min magana.

Da na rasa ta inda zan ɓullo masa, sai na ce zan rubuta tarihin rayuwarsa. Yaya, wato babban wana, shi ke ɗaukar muryar Baba a waya yana ba da labari, ni kuma in buga da Larabci tunda jikokinsa Larabci kaɗai suke iya karantawa. In na gama babi sai Yaya ya buɗe a tsohuwar laftof ɗinsa ya karanta masa, duk gyaran da Baba ya yi sai ya rubuta a gefen shafi, abin nan da ake cewa kwament, da Hausa amma da haruffan Larabci, yadda ta fito daga bakinsa. "Jakin ja ne, wa ya ce mata fari?" "Ba ni na gudu daga gona ba, mai gonar ne ya gudu." Ina karantawa ina dariya ina hawaye, don ta nan kaɗai Hausarsa ke iso ni.

Ciwonsa bai daɗe ba, ranar Alhamis ya cika. Ranar sadakar uku na kasa ci na kasa sha, na riƙe Yaya ina ce masa Baba ya tafi bai yafe min ba. Bayan bakwai sai ya turo min fayil ɗin, ya ce in duba shafin ƙarshe, akwai abin da Baba ya sa shi rubutawa a asibiti, ruɗewa ce ta sa ya manta bai nuna min ba. Na buɗe a waya na gani: "Ka ce wa Uwata na yafe mata duniya da lahira." Wallahi wannan layin ne ya riƙe ni wata goma sha ɗaya. Inna ma duk wadda ta zo gaisuwa sai ta gaya mata Malam ya yafe wa 'yarsa kafin ya tafi.

Yanzu dangi sun ce a buga littafin a raba ranar da zai cika shekara, Inna kuma ta ce lallai a sa maganganun Baba na gefe a bayan littafin, don su ne muryarsa. Mai buga littafi ya ce kwament ba sa fita a bugu yadda muke so, sai in ciro su in zuba a fayil nasu daban wanda za a iya gyarawa. Aikina ne, ban ga wahala ba. Akwai 'yar manhajar da muke amfani da ita a ofis, tana kwashe su gaba ɗaya ta jera a tebur, ga lambar shafi, ga sunan wanda ya rubuta, ga kwanan wata, ga maganar. Guda sittin da uku suka fito. Na jera su bisa kwanan wata don labarin ya tafi daidai, na gangara ƙasa ina neman tawa. Ita ce ta ƙarshe, kuma kwanan watanta Litinin ne, kwana huɗu bayan mun binne Baba, washegarin ranar da na riƙe Yaya ina kuka. Ashe a fayil na asali ma yana nan da ƙananan haruffa a saman maganar, ni ce ban taɓa duba shi ba.

Na nemi duk wata mafita. Na ce ko agogon laftof ɗin ne ya rikice, tsohuwa ce ga ɗauke wuta, amma da na bi sauran sai na ga duk suna daidai, har wadda Baba yake ƙorafin naman layya ranar Sallah ta faɗo. Na ce ko Baba ya faɗa a asibitin, Yaya ya riƙe a kansa ya rubuta daga baya, wannan zai yiwu, amma to me ya sa ya ce min a gabansa ya rubuta? Kuma cikin sittin da biyun nan babu inda Baba ya ce Uwata, in zai ambace ni daga "ita" sai "ta". Na kira Yaya a waya, na bi ta gefe na ce masa agogon laftof ɗinka yana tafiya daidai kuwa? Sai ya ce, "Me ya sa kike tambaya, ya ukhti?" wato 'yar'uwata. Na ce babu komai, na kashe wayar.

Ba na jin haushin Yaya, in ma shi ya ƙirƙira na san tausayina ya ji. Zuciyata ce ta karye, ji nake kamar yau aka fita da gawar Baba. Fayil ɗin yana hannuna, da yatsa ɗaya zan goge layin kwanan wata babu wanda zai sani, amma in maganar ba tasa ba ce na buga ta da sunansa, na sake yi masa ƙarya a gaban mutane. In na cire ta, Inna za ta tambaya, kuma ban san abin da zan ce mata ba. In na tambayi Yaya kai tsaye, yanzu dai ina da ɗan ƙila da nake rayuwa da shi, yana iya buɗe baki ya raba ni da shi.

Mai bugawa yana jiran fayil nan da kwana biyar. In tambayi Yaya, ko in bar shi da sirrinsa? In buga layin ko in cire? Malaman cikinmu kuma ku taimake ni, idan uba ya rasu bai ce ya yafe ba, akwai abin da ya rage wa 'ya ta yi? Ni dai ban san gaban wanda zan durƙusa ba yanzu.