Hoto na Talatin da Ɗaya

Zuwa ga Maman Balki,

Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah ya haskaka makwancinki, ni ne Lawali mijinki, mai gyaran moto a bakin tashar Matamaye. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san tun ina aji huɗu lakwal, makarantar boko, ta gaji da ni, ni ma ban riƙe ta da mugun nufi ba.

Balki ce ba lafiya. Ƴar da kika bari tana shekara tara, yau sha uku gare ta, har ta kamo ki tsawo. Tun damina take ciwon kai, ta tashi da amai da safe, kwanan nan kuma kofi yakan faɗi daga hannunta ba ta sani ba. Na kai ta Damagaram aka saka kanta a sikanar, injin ɗaukar hoton cikin jiki. Likita ya ce akwai wani abu a ciki, sai dai manyan likitocin Yamai su duba, ya sa mana rana nan da mako uku. Ya miƙo mini faifan sede ɗaya cikin ambulan, ya ce kada ya karce.

Kin san ni da rashin haƙuri. Karbireta ma ba na iya barinta a rufe. Na ɗauki faifan na kai wa Sani, abokina mai fotokopi, na ce ya buɗe mini kan ƴata a ordinatarsa, kwamfutar nan ta shagonsa.

Maman Balki, ashe yanka kan mutum suke yi kamar albasa, faifai faifai, ba wuƙa ba jini. Akwai ɗan abin nan da ake turawa da hannu, suri, yana da ƴar taya a gadon bayansa. In ka murza tayar gaba sai ka nutsa cikin kan, in ka murza baya ka fito. Na ga idanunta biyu kamar ƙwan zabo, na ga ramin hancinta irin naki. Na ce wa Sani ai ga hujja, yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa cike da kai, ba ni ta gado ba.

A kusurwa akwai lamba da ke ƙirga hotunan. Ina kaiwa na talatin da ɗaya dariyata ta tsaya. Wani abu ne fari-fari, kamar ƙwayar gurjiya, zaune a gefe guda inda ɗaya gefen ba shi da irinsa. Ko ni da ban gama lakwal ba na gane baƙo ne.

Tun daga ranar kullum bayan la'asar ina shagon. Na koyi kumbura hoton har ya cika gilashi, na koyi jan shi hagu da dama. Na gano wani ɗan layi da ake ja daga baki zuwa baki ya faɗa maka faɗin abu. Ran Litinin na auna, ran Talata na sake aunawa na ga ya ragu kaɗan, har na sayi tsire. Sani ya ce, “Lawali, hoton rana ɗaya ne fa. Hannunka ne ke rawa.” Na ce na sani. Ran Laraba na koma na auna.

Sai ran Juma'a, garin ja, na danne wani maɓalli ban sani ba. Hasken ya juye. Ƙashin kai ya fito fari tas, cikin kuwa ya zama toka, sumul, ba gurjiya ba alamarta. Na murza gaba, na murza baya, babu. Wallahi da gudu na je na ɗauko majo, babban ma'aikacin jinya, daga gidan likita na garinmu, ko rigar aikinsa bai cire ba. Ya duba, ya dafa kafaɗata. Ya ce wannan hasken na kallon ƙashi ne, abin yana nan, fitilar kawai na canza. Ya ja surin ƙasa kaɗan, sai ga shi ya dawo inda na bar shi.

Da ke ce, da kin ce, “Malam, ka bar wa masu abu abinsu.” To, ban bari ba. Abin da na yi ya fi haka muni.

Balki ta matsa sai ta ga hoton kanta. Jiya na riga ta zuwa shagon, na juya hasken zuwa na ƙashi, na zaunar da ita. Na ce ta duba, kai lafiya lau, fanko kamar na ubanta, Yamai ɗin ma yawon ganin gada za mu. Ta yi ɗan murmushi irin wanda kike yi in na zo da labarin da bai zauna ba. Ashe majo maƙwabcin ƙawarta ne, labarin gudun da na yi ya riga ni isa gida.

Ta ce, “Baba, mayar da hasken.”

Na ce ban iya ba. Sai ta ɗora hannunta mai lafiya a kan nawa, muka ja tare. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a gilashin ta ce, “Shi ne wannan?” Na ce shi ne. Ta ce, “Za su iya cire shi?”

Maman Balki, na murza tayar nan gaba da baya ina neman abin da zan ce mata. Hoto sittin ne a faifan, babu wanda ke da amsar. Na ce mata ban sani ba. Ta gyaɗa kai, ta zare faifan da kanta, ta goge shi da bakin mayafinta ta mayar cikin ambulan.

Jibi da safe za mu hau mota. Ita ce za ta riƙe faifan, ta ce ni hannuna duk baƙin mai.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sa kina cikin rahama. Allah ya ba likitocin Yamai idon da ban da shi. Ina kewarki ƙwarai, amma ina roƙonsa kada ya haɗa ki da ƴarki yanzu. Ki ƙara haƙuri, ki bar mini ita tukuna.

Naki har kullum,
Lawali Baban Balki
Matamaye