Bai Rasu Yana Gaba da Inna Ba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya Inna da yara? Ya ƙarin haƙurinmu? Ni lafiya lau, na koma aikin wanki da guga, ɗakin ne kawai ya yi mini girma.

Na ji abin da ka faɗa wa Inna, wai ƙaninka ya rasu yana gaba da ita, tunda ta yi ta kiran sunansa a waya bai amsa ba. Haba Yaya! Kana wurin ne? Ni ce na riƙe masa wayar a kunne.

Ban yi karatu mai zurfi ba, amma likita ya nuna mini a hoto. Akwai wani ɗan wuri a saman ƙwaƙwalwa, wajen tsakiyar kai, shi ke sa jiki ya fara motsi da magana. Nan aka cire masa ƙari. Yana ji, yana ganewa, farawar ce ta gagara. In na faɗi kalma yakan maimaita, amma da kansa ko ruwa ba ya iya roƙa. An ce zai warware, sai zazzaɓi ya ƙwace mana shi.

Ranar da Inna ta kira, hawayensa har hannuna suka jiƙa.

Yanzu an ce ta ƙi yafe masa. Kai ka kai mata waccan maganar, kai za ka karanta mata wannan, kada ka tsallake ko layi ɗaya. In ta yafe, a kira ni, in ji da kunnena.

Allah ya ji ƙansa, ya ƙara wa Inna lafiya.

Matar ƙaninka