Tulun Mijina Ko 'Yata?

Gwaggo Hermelinda, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Mijina Eleuterio ya rasu bara waccan. Ƙauyenmu yana gindin tudun da mutanen dā suka binne matattunsu, nan kwarin Lambayeke. Kin san al'adarmu, ranar Juma'ar makon Ista maza kan fita haƙa, wai a ranar ce ƙasa ke sakin abin da ta riƙe. Shekarar aurenmu ya zuba wa tudun giyar masara da taba, ya haƙa, ya dawo min da jan tulu mai fuskar mutum, kumatu cike, leɓe a tsage. Yana dariya ya ce ga surukina nan ya kawo gaisuwa. Bai taɓa sayar da shi ba, ko shekarar da ambaliya ta cinye mana shinkafa.

Tari ne ajalinsa. Maƙwabta suka ce tudu ne ya rama, kuma muddin tulun na gidan ba mai taka ƙofata. Har Casilda, aminiyata da muke ɓarar wake tare, sai dai ta ɗaga min hannu daga bakin hanya kamar ina da kuturta. To, su sha zamansu! Ni da tulun muke cin abinci. Ina ɗora shi a kujerar marigayi, in ba shi labarin agwagina, in yi masa ƙorafin gwiwata. Kada ki ce na haukace, na san yumɓu ne.

'Yata Nelida, ita kaɗai Allah ya ba ni, ta samu aiki da masu binciken tarihi da ke haƙa tudun yanzu. Ta ce in miƙa tulun gidan tarihi, wai ajiyarsa na iya jawo mata kora. Da gardama ta yi zafi, ta ce abin da ubanta ya yi fashin kabari ne. Ubanta fa! Na nuna mata ƙofa. Tun daga nan kowace safiya motar aikinsu na wucewa ta gabana, ina hango hularta, ba ta waiwayowa. Wallahi kewarta na cina. Amma in na ba da tulun, da wa zan yi magana?

Mai zaman kaɗaici a gindin tudu

*

'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Ba ki haukace ba, kewa ce, kuma ba abin kunya ba ce.

Nelida ta yi kuskure a lafazi. Mijinki ya bi abin da ya taras ne, kuma da kwaɗayi ne ya kai shi da tuni ya sayar. Amma tana da gaskiya a wani gefen: tulun daga kabarin wani ya fito, shi ma da masu kukansa a zamaninsa, kuma abincinta na cikin haɗari. Zancen ramuwar tudu kuwa, ki watsar. Tari ciwo ne.

Kada ki jira ta waiwayo, babba juji ne. Ki aika mata ta zo cin abinci ranar Lahadi, ki faɗa mata a fili cewa kalmar ta yi miki ciwo. In kin yarda ki miƙa tulun, ku je tare, ki roƙa a rubuta labarin yadda ya zo hannunku. Maginin tukwane zai iya gina miki kamarsa, ba laifi. Ki kuma leƙa Casilda da ƙwaryar wake, wataƙila kunya ce ta riƙe ta yanzu, ba tsoro ba.

Kin tambaye ni da wa za ki yi magana. Tulun ya saurare ki, na yarda, amma bai taɓa ce miki Mama ba. Ki sauke shi daga kujerar nan, 'yarki ta samu wurin zama.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya haɗa kanku.

Gwaggo Hermelinda