Tsakanin Azumi da Gangaren Massawa

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa, ruwan farko da ke sauka a kan busasshiyar ƙasar zuciyata, mijina Habtom,

Gaisuwar da nake maka ta fi ƙarfin bakina, shi ya sa na ɗora wa alƙalami. Kada ka yi dariya don matarka ta rubuto maka wasiƙa alhali rufi ɗaya ke kanmu a nan Asmara. Ina zan same ka in ba a takarda ba? Kakan fice da kekenka kafin a kaɗa ƙararrawar coci, ka dawo rana ta karkata, gishirin gumi ya yi maka fari a gira. Nakan soya gahawa, in zuba turare a wuta, in miƙa maka finjalin farko, kafin na biyu ya tafasa kanka ya riga ya langaɓe a kafaɗa. Rabon da mu kai finjali na uku tare, na albarka, tun kafin babban azumi ya kama. Ni kaɗai nake shanye albarkar gidanmu, kuma wayyo, ashe haka take da ɗaci!

Ka tuna garin Keren? Ka tuna kukar Maryam, inda 'yammata ke dafa gahawa a inuwa suna jiran matafiyi ya karɓi finjali, don an ce wadda aka karɓi nata addu'arta ta shiga? Tun hantsi nake zaune da ƙawayena, tsofaffi kaɗai ke tsayawa, har na fara tattara gawayi. Sai ga ka, ƙura har kunne, ka jingina keke da katanga. Ka wuce 'yammata masu gwal a goshi, ka durƙusa a gabana ka ce, "'Yar'uwa, a taimaki baƙo, ƙafafuna sun ƙi ni." Ranar ka san ka gaji, kuma ba ka ji kunyar faɗa ba. Ka zauna har la'asar, ka cinye mana gugguru, ka bar abokan tafiyarka suka wuce. Mutumin nan da ya iya zama na aura. Ina ka kai mini shi?

Ya tauraron asubata, na san abin da tseren keken nan na bayan idin Fasika, idin ƙarshen azumi, yake a wurinka. Na san tafiya ce ta kwanaki, daga tudun Asmara zuwa Massawa a bakin teku a sake haurowa, kuma wanda ya yi fice a cikinta ake ɗauka zuwa manyan gasa. Ban taɓa ƙin mafarkinka ba, ni ce mai wanke masa riga. Amma dubi abin da kake yi wa jikin da nake ƙauna! Ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu, ko ruwa ba ya wuce maƙogwaronka sai an tashi daga sallar rana a coci, kamar yadda mahaifiyarka ta raine ka. A haka kake gangarawa garin Nefasit a hanyar Massawa ka hauro da cikin da babu komai sai iska. Gurasar injera da miyar wake ta shiro da nake ajiye maka ma yanzu tsakura kake ka ture. Ƙugun wandonka ya yi maka yawa. Murar da ta kama ka ta ƙi tafiya. Da safe, in na ɗora kunne a ƙirjinka, zuciyarka bugawa take kamar tsuntsun da aka damƙe a tafin hannu, alhali kana kwance ko motsi ba ka yi ba.

Mai horar da ku ya ce ka ajiye keke na 'yan kwanaki, a ƙofar gidanmu ya faɗa, ina ji. Ka amsa masa da to, washegari ka fita ta bayan gida. Na kuma san dalili. Na ji abokanka ranar da suka biyo maka, suna ihu daga titi: "Ango, amarya ce ta shanye maka ƙafafu? Fito mu ja ka da igiya!" Kuka yi dariya gaba ɗaya, amma na ga yadda muƙamuƙinka ya ɗaure. Saboda wasan samari za ka mayar da ni gwauruwa, Habtom?

Ranar Talata ka dawo a bayan babbar mota, gwiwar hannunka a saɓule, ka ce gwaggon biri ne ya gitta maka. Na wanke ciwon, na ɗaure maka shi. Amma direban da ya kawo ka ya tsaya shan ruwa a bakin ƙofa, ya rage murya ya ce mini, "'Yata, babu biri a wurin. Ina bayansa, na ga kansa ya sunkuya kamar mai gyangyaɗi a coci. Katangar gefen hanya ce ta tare shi." Katangar da ba ta kai gwiwa ba! Bayanta kuwa ka fi ni sanin abin da ke akwai: rami ne wanda gajimare ke yawo a cikinsa, ƙasa da ƙafar mutum.

Kakan tsokane ni da littattafan soyayyar da nake arowa, ka ce sun cika mini kai da hayaƙi. Na sake bin su ina neman abin da mace ke yi a irin halina. A cikinsu masoyi yaƙi yake tafiya, ko teku ta ɗauke shi, mace ta tsaya a bakin gaɓa gashinta na kaɗawa. Babu wadda aka rubuta tana kallon mijinta yana narkewa a gabanta kamar kitse a rana, yana murmushi yana cewa lafiya lau. Na rufe su na tura ƙarƙashin gado.

Jiya na je wurin Keshi Tewelde, firist ɗin da ya ɗaura mana aure, wanda ke riƙe da amanar ruhinka tun kana yaro. Yi fushi in za ka yi, na gaya masa komai. Na roƙe shi ya sauke maka azumin ya ɗora mini, in yi nawa in yi naka. Ya yi dariya har gemunsa na rawa, ya ce, "'Yata, azumi ba damin itace ba ne da za ki karɓar wa mijinki." Sannan fuskarsa ta canza. Ya ce jaki ɗaya ba ya ɗaukar kayan jakuna biyu a kan dutse, kuma yana da ikon sassauta wa mai rauni, amma ba ya kwance wanda bai zo da bakinsa ya ce na gaza ba. "Mai iya hauro Nefasit a keke," in ji shi, "ai ba zai kasa isowa ƙofata ba."

Kalma ɗaya ce, ya rabin raina. Na gaji. Ita kaɗai ake nema a bakinka, a faɗa wa tsoho guda a bayan labule. Ko dai ya sassauta maka ka ci abin da zai riƙe ka, ko ka jingine keken har ƙarfinka ya dawo. Duwatsun nan sun girmi kakanninmu, ba inda za su. Ni ce ba ni da wani Habtom a ajiye.

Keshi zai jira ka gobe bayan addu'ar safe. Ba zan ɓoye maka takalmi ba, ba zan sace iskar taya ba, ba zan kwanta a bakin ƙofa ina kuka ba. Zan goge maka sirdi, in buɗe maka ƙyaure da hannuna. Daga ƙofarmu hanyar coci hagu take, hanyar Massawa dama. Zan tsaya a taga, mayafina a baki, ina kallon tayarka ta gaba.

Duk inda ta karkata, ni taka ce, yau da gobe da ranar da za a rufe ni da ƙasa. Amma ina roƙonka da girman Maryam, ka bar ni in tsufa ina matarka, ba ina mai ba da labarinka ba.

Taka har numfashin ƙarshe,
Luwam