Yadda muka ƙetare kogi da Inna

Assalamu alaikum Yaya Mamman,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da Rabi da yara. Ya kasuwa, ya zaman Faraku? Mun iso Kore Mairuwa, amma mun sha tashin hankali a kogin Gaya.

Jirage biyu muka tarar a bakin ruwa. Babban an danƙara masa buhuna da babura har ruwa ya kusa bakinsa, ɗayan kuwa ƙaramin kwale-kwale ne. Inna ta ce, "Babban za mu shiga, iska ba ta kifar da shi." Na ƙi, na ja hannunta zuwa ƙaramin tana ta faɗa.

Muna tsakiyar kogi iska ta taso, ruwa ya riƙa shigowa. Matuƙin ya miƙo mini ƙwarya ya ce, "Kwashe, kada ki tsaya!" Inna ta rufe ido tana salati. Da ƙyar muka kai gaci. 'Yan babban jirgin ma sai da suka zubar da buhuna kafin su tsira.

Yaya, don Allah kada ka taho da yara sai ruwa ya ja. Ka sa Inna a addu'a, har yanzu tana firgita. Ka gaida Kawu Idi.

Ƙanwarka,
Hadiza