Littafi Mai Koren Bango

Kaduna, 3 ga Yuni

Yaya Sila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya Magdalene da yara, yaya damina a Manga? Tunda ka rantse ba za ka riƙe waya mai shafawa ba, ga ni na koma biro da takarda.

Na ba direban Zuru littattafai uku, su suka fi kama ni cikin waɗanda na karanta bana. Biyu ƙagaggun labarai ne, don ka rage zaman gindin ɗorawa tunda ka ajiye kaki. Na ukun, mai koren bango, na gyaran hali ne. Shi nake so ka bi kamar yadda kake bin oda a bariki.

Ba zan ɓoye maka dalili ba. Ƙanenmu Lawwali ya gaya mini da zarar an yi girbi zai kwashe iyalinsa ya koma Mahuta, ba dawowa. Shekara shida ba ku gaisa ba, tun ranar jana'izar Baba da ka ce masa a gaban jama'a wanda ya musulunta baƙo ne a gidan. Shi ne fa ya yi maka golmo, ya yi ta noma gonar surukanka kana bakin daga, da guminsa aka ba ka mata. Abin yana ci mini rai, Yaya.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Dinah

Manga, 29 ga Yuni

Dinah,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Muna nan ƙalau, ruwa yana sauka.

Saƙo ya iso, littafi uku cif. Sai dai kafin in buɗe wasiƙarki Magdalene ta riga ta liƙe bangonsu duka da takardar buhun siminti, wai kada su yi datti. Ban ga kore ba, ban ga ja ba. Na auna da hankali, na ce gyaran hali ba ƙaramin aiki ba ne, don haka mafi kaurin shi ne.

Labarin matar nan mai fataucin manja ya yi daɗi, na sha dariya. Ɗaya labarin kuwa, ki yi haƙuri, asarar takarda ne. Babu kowa ciki sai mutum guda yana ta surutu a kan tashi da wuri da shan ruwa. Mu da muka yi shekara talatin ƙaho na tashinmu!

Na gyaran halin ya ba ni wahala, don marubucin bai jera oda ɗaya, biyu, uku ba. Ya ɓoye ta cikin zancen wani masunci da ya ɓata da ƙanensa, kullum da safe yakan je ya ɗinke masa koma, bai ce uffan ba. Na gane nufinsa. Mu ba mu da koma, sai na saɓa garma na shiga gonar Lawwali. Yau kwana tara ina huɗa. Yana can gefe, ina nan gefe, ko kallona bai yi ba. Bayana kamar zai tsinke, amma oda oda ce. Ina shafi na ɗari da ashirin.

Ki gaida maigidanki.
Yayanki, Sila

Kaduna, 6 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa bayanka sannu.

Na yi dariya har maƙwabta suka leƙo, daga baya kuma sai hawaye. Yaya, ka juya su! Mai surutun shan ruwan nan shi ne koren. Na masuncin ƙagaggen labari ne, ba oda ko ɗaya a ciki, wani ne ya zauna ya shirya abinsa.

Kada ka ajiye garmar, wallahi ta fi abin da na aiko ka yi. Amma ina roƙonka kada ka bi masuncin har ƙarshe. Ni na karanta, na san inda ya kwana. Ya ɗinke koma har shekara ta zagayo, girman kai ya hana shi buɗe baki, ran nan ya zo ya tarar ƙanen ya kwance jirginsa ya tafi. Kwana biyu na yi ina jin haushin marubucin.

Lawwali ya san ka iya aiki. Abin da ka faɗa da baki a gaban mutane ne ke cinsa, da baki kuma za ka janye shi. Dawa ba za ta jira ka ba, girbi na tafe.

Ubangiji ya ba ka ƙarfin hali.
Dinah

Manga, 20 ga Yuli

Dinah,

Gaisuwa. Na sami wasiƙarki, na ji kunya, Magdalene kuwa har yau tana tsokanata.

Ranar Litinin na ƙetara har inda yake a gonar. Yaransa da masu wucewa suna nan, ban jira sun watse ba. Na ce, “Lawwali, maganar da na yi ranar Baba ƙarya ce. Gidanka ne. Ka yafe mini.”

Ya dubi inda na huɗa. Sai ya ce, “Yaya, kunyar da ka tayar duk ta karkace. Haka ake huɗa a bariki?” Ya karɓi garmar ya miƙe kunyar, ina biye da shi.

Bai ce ya fasa Mahuta ba, ni ma ban tambaya ba. Amma jiya ya aiko in zo in kama masa gyaran tsohon rumbun Baba, ya ce a ciki zai zuba dawar bana, kuma yana so ya kai shekara goma bai yi yoyo ba.

Littafin masuncin yana hannunsa yanzu. Na yage shafukan ƙarshe kafin in ba shi.

Ki zo cin sabuwar dawa, mu uku.
Yayanki, Sila